Wane Tela Ne Ya Yi Wannan Ɗinkin?

Duk wanda ya taɓa kwana a Briqueterie, unguwar Hausawa ta Yawunde, ya san hanci ne ke riga ido farkawa. Da an sallame Asuba ƙamshin mai ya cika lungu, mata sun ɗora kasko suna tsoma makala, abin da Bakano zai ce wa fanke. Da magariba kuma hayaƙin tsire ne, wanda 'yan gari ke kira soya, har daga unguwanni masu nisa ake tahowa dominsa. Tsakanin waɗannan biyun kuwa, wunin unguwar na teloli ne. Keke na kuka shago bayan shago, tun daga kusa da babban masallaci har ka doshi kasuwar Mokolo.

Ƙullun makalan nan tun dare ake kwaɓa shi: fulawa, sukari, ruwa mai ɗumi, sai ɗan yis a bakin cokali, a rufe a ajiye. Kafin gari ya waye ya kumbura yana neman ture murfi. Abin da ya yi wannan aikin halitta ce mai rai, ƙwaya ɗaya tal, wadda sai an jera kamar 200 kafin su cika milimita guda. Tana cin sukari tana fitar da iska, iskar ce ke ɗaga ƙullu. Tana kuma haihuwa. Idan abinci da ɗumi sun wadata, sai ta fitar da ɗan toho a gefenta, tohon ya girma, ya ɓalle ya zama ƙwaya mai zaman kanta, duk a cikin kamar minti 90.

Akwai wasu mutane da suka ƙarar da shekarunsu a kan wannan haihuwar, kuma a cikin sana'o'in ilimi da na sani, tasu na cikin waɗanda suka fi burge ni. Ba don kayan aikinsu na da tsada ba. Don dabarar da suka yi ce, wadda duk telan Briqueterie zai fahimta in an faɗa masa da harshen allura da zare.

Ƙwaya ba ta rabuwa kara zube. Da farko sai ta kwafi littafin gadonta, wato DNA, kwafi ɗaya ba biyu ba. Sannan ta ja kwafi ɗaya gefe, ɗaya gefe. Sai a ƙarshe ta tsuke tsakiya ta rabu. In aka yi riga-malam-masallaci, aka raba kafin a gama kwafi, 'ya'yan sun mutu. A jikin ɗan Adam kuwa, ƙwayar da ta daina jin "tsaya" ita ce mafarin ciwon daji. To, wa ke ba da umarnin?

Wajen 1970 Lee Hartwell, a Jami'ar Washington da ke Amurka, ya tara nau'o'in yis masu naƙasa: suna haihuwa lafiya lau a sanyin digiri 23, amma da an kai su 36 sai su daskare a wani mataki guda. Daga inda kowanne ya tsaya yake gane wace ƙwayar gado ce ta lalace. A cikinsu ya samu wadda ya sa wa suna CDC28, wadda in babu ita tafiyar ba ta ma farawa. Paul Nurse a Birtaniya ya samu takwararta, cdc2, a wani yis daban mai suna pombe. Sunan nan na Suwahili ne, ma'anarsa giya, domin daga giyar gero ta Gabashin Afirka aka fara fitar da shi a 1893, dangin burkutu ke nan. A 1982 Tim Hunt ya ga wani furotin a ƙwan wata halittar teku mai ƙaya kamar bushiya, yana taruwa sannan ya ɓace duk lokacin da ƙwan ya rabu, ya kira shi saiklin. A 1987 kuma Melanie Lee da Nurse suka ɗauki ƙwayar gadon mutum suka sa wa yis ɗin da tasa ta lalace, ya miƙe ya ci gaba da haihuwa. Ashe shugaban da ke ba da umarni a ƙullun makala shi ne ke ba da shi a jikin mai tuyar. A yau ana kiransa Cdk1, saiklin kuma shi ne abokin aikinsa da ba ya motsi sai da shi. Mutum ukun nan, Hartwell da Nurse da Hunt, sun karɓi lambar Nobel a 2001.

An san shugaba ke nan. Amma sanin sunan sarki daban, sanin waɗanda yake aika wa saƙo daban.

Cdk1 daga wani jinsin furotin yake da ake kira kainas. Aikinsu ɗaya ne kacal: su ciro ɗan gutsuren sinadari mai suna fosfet daga ATP, wato man da kowace ƙwaya ke aiki da shi, su liƙa wa wani furotin. Mu ce ɗinki ne, sukar allura ɗaya. Furotin ɗin da aka yi wa ɗinkin, wani sai ya farka ya kama aiki, wani ya kwanta, wani ya tashi daga wannan ɗaki ya koma wancan, wani kuma alama ce ta a kai shi bola. Duk mulkin Cdk1 a sukar allurar nan yake. Wanda ke son ya san yadda ƙwaya ke rabuwa, dole ya san rigunan da wannan telan ya taɓa.

A nan gizo ke saƙa. Yis ɗin makala na da nau'in furotin kusan 6,000, kamar yadda aka gani da aka kammala karanta littafin gadonsa a 1996. Kainas kuma sun haura ɗari. Dukansu zare ɗaya suke amfani da shi, ATP, kuma ɗinki iri ɗaya suke bari. Ka je wurin kowane tsohon tela a Briqueterie da riga a hannu ka ce, "Baba, wannan aikin wa ye?" Zai juya ta, ya duba ciki, ya ce maka, "Ɗana, hannu ba ya ɓuya," har ya faɗa maka shagon. Fosfet ba shi da hannu. Wanda Cdk1 ya liƙa da wanda maƙwabcinsa ya liƙa ba su da maraba ko kaɗan. Telan ba ya zama kusa da rigar balle a kama shi a kanta, ya soka ya wuce cikin ƙiftawar ido. Ga kuma wasu ma'aikata da ake kira fosfatas, masu bin baya suna warware ɗinkin.

An gwada hanyoyi masu sauƙi. Aka lura Cdk1 na son sukar wuri mai wata siffa: inda amino asid (tubalin da ake jerawa a gina furotin) mai suna serin ko tiriyonin ya zo, furolin na biye da shi. Sai dai wannan siffar na jikin dubban furotin. Kamar a ce maka wanda ake nema yana sanye da hula, ranar Juma'a, a ƙofar masallaci. Aka kuma gwada a tsamo Cdk1 shi kaɗai a zuba a kwalbar gwaji tare da furotin ɗin da ake zargi. Amma tela mai yunwa da aka kulle a ɗaki da riga ɗaya zai ɗinka ta, ko da a kasuwa ba zai kalle ta ba. Shi ya sa har ƙarshen shekarun 1990, bayan duk wannan suna da Cdk1 ya yi, rigunan da aka tabbatar nasa ne ba su taka kara sun karya ba.

Mafita ta fito daga hannun wani masanin haɗa sinadarai, Kevan Shokat, wanda ya fara aikin a Jami'ar Princeton kafin ya koma Jami'ar Kalifoniya da ke San Francisco a 1999. Tunaninsa shi ne: tunda teloli fiye da ɗari duk zarensu ɗaya, to a ɗauki tela guda a faɗaɗa kafar allurarsa. Sannan a kawo zare mai kauri, mai launi, wanda ba ya shiga kafar allurar kowa sai tasa. A watsa wannan zaren a kasuwa. Da yamma, duk rigar da aka gani da ɗinki mai launi an san mai ita.

Faɗa da baki ba wuya. A jikin kowane kainas akwai wani ɗan aljihu inda ATP ke zama, a can ƙuryar aljihun kuma akwai wani amino asid mai jiki da ya tare hanya, masu sana'ar na ce masa mai gadi. A Cdk1 na yis, shi ne na 88 a jeri, sunansa fenilalanin. Sai aka gyara ƙwayar gadon, aka cire shi aka sa gilaisin, wanda ya fi kowane amino asid ƙanƙanta. Sai rami ya samu a inda da babu. A ɗaya ɓangaren kuma aka ƙera ATP mai ƙusumbi, an liƙa masa wani ƙarin gutsure a daidai inda zai faɗa cikin ramin. Sauran kainas, da masu gadinsu ke tsaye, ba sa iya haɗiye shi. Gwanintar tana wajen awo. In ka faɗaɗa kafar allura fiye da kima, allurar ta karye. In ba ka faɗaɗa sosai ba, zaren bai shiga ba. Cdk1 ɗin da aka yi wa wannan aikin ya ɗan rage kuzari, amma yana karɓar zaren gama-gari kamar da, yis ɗin da ke ɗauke da shi kuma yana rayuwa yana haihuwa.

Ɗakin binciken David Morgan, a jami'a ɗaya da Shokat, shi ne ya ɗauki wannan allurar ya shiga kasuwa da ita. Jeffrey Ubersax da abokan aikinsa suka samo tarin nau'o'in yis, kowanne an ɗaura wa furotin ɗinsa guda wani ɗan mariƙi da za a iya fisgo shi da shi. Su fasa ƙwayoyin, su zuba Cdk1 mai faffaɗar kafa a cikin romon, su ƙara ATP mai ƙusumbi wanda fosfet ɗinsa ke fitar da tururin da ke baƙanta fim ɗin hoto. Sai su fisgo furotin ɗin ta mariƙinsa su duba ko ya bar tabo. Ɗaya bayan ɗaya suka yi haka, kusan sau 700. Wanda bai taɓa zama a benci yana ɗiga ruwan da ido da ƙyar ke gani ba, ba zai san irin haƙurin da ke cikin wannan adadin ba. A 2003 suka fitar da sakamako a mujallar Nature: riguna kimanin 200. Kuma jerin ya nuna cewa telan nan ba hakimai kaɗai yake aika wa saƙo su isar ba. Yana taɓa manyan masu ba da umarni, yana kuma taɓa leburorin da ke kwafar DNA da masu jan igiyar da ke raba gado.

Sai dai mai sana'a na gari shi ke fara ganin aibin aikinsa. ATP mai ƙusumbi ba ya ratsa bangon ƙwaya mai rai, dole sai an fasa ta. In kuwa an fasa, an rushe katangun ɗakuna ke nan, rigar da ba ta taɓa haɗuwa da telan ba yanzu ga ta a gabansa. Saboda haka aka juya dabarar. Ramin nan da aka haƙa, ba zare kaɗai ke shiga ba, ana iya ƙera toshi daidai shi. Tun a 2000 mutanen Shokat suka nuna wani sinadari, 1-NM-PP1, wanda ke ratsa bangon yis mai rai, ya wuce kainas fiye da ɗari bai ce musu uffan ba, ya je ya toshe aljihun wanda aka faɗaɗa shi kaɗai, cikin 'yan mintoci.

Da wannan toshin aka yi aikin da ya fi burge ni, wanda Liam Holt da Morgan suka yi tare da ɗakin binciken Steven Gygi na Harvard, ya fito a mujallar Science a 2009. Tukunya biyu aka yi rainon yis a ciki. Ɗaya aka ciyar da ita abinci na yau da kullum. Ɗayar aka ba ta amino asid masu ɗan ƙarin nauyi, waɗanda yis ba ya bambanta su, amma sikeli na bambantawa. Aka zuba toshi a tukunya guda na minti 15. Sannan aka haɗa tukwanen biyu wuri ɗaya, aka daddatsa dukan furotin ɗinsu gutsu-gutsu, aka tsamo gutsattsarin da ke ɗauke da fosfet, aka miƙa wa na'urar da ke auna nauyinsu. Kowane gutsure sai ya bayyana a tagwaye, mai nauyi da marar nauyi, Hassan da Husaini. In tagwayen sun zo daidai da juna, babu ruwan Cdk1 da wannan ɗinkin. In kuwa na tukunyar da aka toshe ya rame, to telan da aka ɗaure wa hannu ne ke yin sa, masu warwara sun bi baya sun cire, babu mai mayarwa.

Me ya sa minti 15, ba awa uku ba? Ka rufe shagon babban tela wata guda, za ka tarar mai maɓalli ya daina ciniki, mai guga na zaune, yaron da ke kai kaya na barci. Wanda ya zo ƙirga abin da ya tsaya zai ɗauka duk aikin telan ne. Sai ka kama hannunsa farat ɗaya, ka duba da sauri kafin labari ya bazu a layi. Ko a hakan ma sai an tace, domin a cikin rigunan Cdk1 akwai wasu kainas, wato teloli ne su ma, in ya tsaya su tsaya. Shi ya sa ba a karɓar gutsure sai an ga furolin ɗin nan na biye da wurin sukar. Hular da ba ta isa shaida ita kaɗai ba, yanzu ta yi amfani, tunda an riga an rage taron. Abin da ya rage bayan tacewa: wuraren suka 547 a jikin furotin 308.

Sannan suka duba inda ɗinkin yake sauka, a nan ne aka sha mamaki. Da yawa na zaton irin aikin aska takwas ne, wanda in ya goce da faɗin yatsa an ɓata babbar riga. Ashe mafi yawansa a geza yake, a sassan furotin masu reto waɗanda ba su da tsayayyar siffa. Da aka kwatanta da dangin yis na nesa, sai aka ga gungun ɗinkin na nan, amma ya matsa gaba ko baya, ba a daidai gurbi ɗaya ba. Fosfet na ɗauke da cajin lantarki, in biyar ko shida suka taru a geza guda sun isa su sa furotin ya saki abin da ya riƙe, ko su zama ƙugiyar da wani zai kama. Ni a ganina wannan ya fi dogon jerin sunayen daraja. Jeri kowa ya yi tsammaninsa. Wannan kuwa ba wanda ya aike su nemansa, allurar ce ta nuna musu.

Saura tambaya ɗaya: in tela ɗaya ne, ya aka yi ake ɗinka rigar kwafi kafin rigar rabuwa? Yis ɗin burodi na da saiklin tara da ke karɓa-karɓa. A 2005 Mart Loog da Morgan suka gwada biyu daga ciki a kan furotin 150, suka ga kusan kashi ɗaya cikin huɗu sun fi karɓar ɗinki in saiklin na lokacin kwafi ne ke tare da telan, domin yana da wani ɗan hannu da yake riƙo su da shi. Wato yaron shago ne ke zaɓo rigar da zai miƙa. Ɗakin binciken Nurse kuma ya nuna a 2010 cewa pombe na iya kammala zagayensa da saiklin ɗaya rak, a 2016 suka nuna dalili: wasu riguna na karɓar allura tun ƙarfin telan na ƙasa, wasu sai ya kai ƙololuwa. Duka biyun gaskiya ne, kuma har yau ana ja-in-ja kan wanne ya fi nauyi.

Ko bayan duk wannan, suna a jeri zargi ne kawai. Hukunci sai an koma jikin yis, an cire serin ɗin da ake zargi an sa alanin, wanda ba ya karɓar fosfet, a ga abin da zai lalace. Ko kuma a yi akasi, a sa abin da ke kwaikwayon ɗinki na dindindin, a ga ko ƙwayar za ta yi aikin ba da izinin telan ba. Da irin wannan ne a 2007 ɗakin John Diffley a Ingila da na Hiroyuki Araki a Japan, kowa da hanyarsa, suka nuna cewa a cikin ɗaruruwan rigunan nan, biyu ne kawai, Sld2 da Sld3, dole Cdk1 ya ɗinka kafin a fara kwafar DNA.

Mai makala za ta iya cewa, "To Malam, ni ina ruwana?" Tun 2015 ana ba masu wani nau'in ciwon dajin nono maganin palbociclib, wanda ke toshe aljihun CDK4 da CDK6, 'yan uwan telan da ke cikin robar ƙullunta. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S, wanda Kamaru ta riga kowace ƙasa sa shi cikin allurar yara ta yau da kullum ranar 22 ga Janairun 2024 a garin Soa kusa da Yawunde, a cikin irin yis ɗin makalan nan ake noma furotin ɗinsa.

Amma labarin da ya fi tsaya mini a rai na ramin nan ne. A 2010 masu bincike kan Toxoplasma, ƙwayar cutar da ke bin kashin kyanwa da naman da bai dahu ba, suka duba wani kainas nata mai suna CDPK1, wanda sai da shi take kutsawa cikin ƙwayoyin jikin mutum. Suka tarar mai gadin aljihunsa gilaisin ne, haka aka halicce shi. Cryptosporidium ma, mai sa yara ƙanana gudawa ta gurɓataccen ruwa, haka nata yake. Faffaɗar kafar da Shokat ya sha wahalar sassaƙawa, su da ita suka zo duniya, kainas ɗin mutum kuwa kusan duk ƙofarsu a tsuke take. Toshin da aka ƙera don leƙa asirin yis sai ya zama tsarin da ake yanka sabbin magunguna a kansa, masu ƙusumbin da ke shiga aljihun cutar su kasa shiga namu, har an gwada wasunsu a jikin maruƙa da 'ya'yan alade masu gudawa.